Tambaya da Amsa: Ina Mafita Kan Ambaliya?

Tambaya: Malam, tun ambaliyar Jibiya ta 2018 ba ma barci in hadari ya haɗo. Me ya kamata gwamnati ta gyara? — Wani manomi, Jibiya

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Rabon tabarmi da shinkafa bayan ɓarna bai isa ba. Madatsun Jibiya da Zobe suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A ba ta kuɗin yashe su tun da rani, domin yashi na cinye wurin ruwa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yanka filaye a bakin kogi. A hana, a kuma dasa itatuwa su riƙe gaɓa. Ku ma ku kwashe ledojin da suka toshe kwalbatoci kafin Yuni.