Kanarina ya girma amma bai iya kuka ba

Tambaya: Salam Malam, ina da kanari da na raina tun yana ɗan tsako shi kaɗai a keji, yanzu ya girma amma kukan nasa wani iri ne ba daɗi, alhali na maƙwabcina in ya fara sai ka tsaya saurare. Ciwo ne ko haka Allah ya yi shi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da wuya ya zama ciwo, ina ga malami ya rasa. Su irin waɗannan tsuntsayen koyon waƙa suke yi, ba kamar zakara ba da ko shi kaɗai ya tashi zai yi cara daidai.

A 1976 Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano sassan ƙwaƙwalwar kanari masu kula da waƙa. Wani sashe da ake kira HVC shi ke tsara jerin sautuka da lokacinsu, sai ya miƙa wa wani sashen da ake kira RA, shi kuma ya ba tsokokin muryar umarni. To wannan hanyar rerawa ce kawai. Akwai wata daban ta koyo mai sassan ƙwaƙwalwa da ake kira Area X da LMAN, kuma gaskiya ni nan ne abin ya fi burge ni, don shi LMAN aikinsa ya riƙa sa ɗan tsuntsun yana gwaranci yana canja sauti, yau haka gobe haka, yana jin kansa yana gwadawa da abin da ya haddace daga babba har ya dace. A 1984 Sarah Bottjer da abokan aikinta suka lalata LMAN ɗin wani tsuntsun Ostireliya, zebra finch, ƙanana waƙarsu ta lalace, manya kuwa kusan ba abin da ya same su. In Area X aka taɓa tun yana ƙarami kuma waƙar ba ta zama wuri ɗaya, kullum tangal-tangal.

Shi zebra finch ɗin nan wajen kwana 90 waƙarsa ta daskare, shi ke nan an gama. Kanarin da Nottebohm ya bincika kuwa duk shekara yana ƙara sababbin sautuka, HVC ɗinsa ma sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake samu ko ya girma, saboda haka kar ka fid da rai.

Rataye kejin inda zai riƙa jin na maƙwabcin naka safe da yamma, ka ba shi watanni. Amma fa fara kai shi wajen masu sayar da tsuntsaye su duba maka ko namiji ne, don mata ba su cika rerawa ba.