Baka biyu a bututun Elixir: yaushe ake iya barinsu?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa baka biyu, wato `()`, ba dole ba ne a Elixir, harshen da muke rubuta manhaja da shi. Idan na rubuta `|> String.upcase` komai lafiya lau, amma a wasu layukan kwamfaila (mai fassara rubutun manhaja zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar) tana yi mini gargaɗi. Wani abokin aiki ya ce in manta da gargaɗin, `mix format`, umarnin da ke daidaita fasalin rubutu, zai gyara. Manhajar tamu tana hannun jama'a, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Damuwarka tana kan hanya. Inda aikin ba ya karɓar komai sai abin da bututu (alamar `|>` mai miƙa sakamako ga aiki na gaba) ya kawo masa, babu ruɗani. Matsala tana tasowa da zarar ka miƙa masa wani abu kuma, domin ba tare da baka ba, aikin zai haɗiye duk abin da ya biyo baya. Dubi wannan layi:

`"gida" |> String.replace "g", "k" |> String.upcase`

Kana jiran "KIDA", amma "Kida" za ka samu, saboda kwamfaila ta ɗauka cewa harafin "k" kaɗai ka tura wa `String.upcase`. Manhajar ba za ta tsaya ba, sakamakon ne kawai zai fita a karkace.

Maganar abokin aikinka kuwa, kullum ina jin irinta, kuma ta ishe ni. Tun da `mix format` ya zo a Elixir 1.6 cikin 2018, wasu suka ɗauke shi likitan kowane ciwo, alhali an gina shi ne don ya gyara fasalin rubutu ba tare da taɓa ma'anarsa ba. Zai sa bakan, amma a inda kwamfaila ta fahimta, wato `String.replace("g", "k" |> String.upcase())`. Gargaɗin ya ɓace, kuskuren yana nan daram, kuma yanzu ya yi kama da abin da aka rubuta da gangan, har mai duba aikin ya wuce shi bai lura ba. Wannan ne ya sa shawarar take da haɗari: ta goge shaida ɗaya tilo da kake da ita.

Ruɗanin yana ƙaruwa ga masu sauya harshe. A harshen R, bututun `%>%` na ƙunshin magrittr yana karɓar sunan aiki tsirara, shi kuwa `|>` da ya zo a R 4.1.0 cikin 2021 ba ya yarda sai da baka.

Ka sa bakan da hannunka a kowane mataki kafin ka kira `mix format`, sannan ka haɗa da `mix compile --warnings-as-errors` domin irin wannan layi ya tsayar da aikin tun kafin ya isa ga jama'a.