Amsoshin Likitan Dabbobi: Shirya Doki Kafin Hawan Sallah

Likita, in doki ya dawo kilisa jiƙe da gumi, a ba shi ruwa ko a jira ya huce?

A ba shi, Malam. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, da bazara har ya wuce haka. Hana shi ruwa ne ke jawo ciwon ciki.

Kanwa tana ƙara wa doki ƙarfi?

A'a. Gishirin lasa ya ishe shi.

Likita, saura mako 2 Sallah, ingarmana kuwa tun hawan bara yana turke. Wani aboki ya ce in ninka masa gero, in yi masa allurar dexamethasone (maganin rage kumburi) ya murje, ranar Hawan Daushe kuma in ba shi tramadol. Me ka gani?

Alhaji, don Allah kada ka yi ko ɗaya. Wallahi wannan shawarar tana ƙona min rai, duk shekara sai ta kwantar da dawakai.

Hanjin doki da ciyawa ya saba. Ka tula masa gero lokaci guda, hatsin ya yi tsami a ciki, ga shi doki ba ya amai. Sai kumburin ciki, ko kofato ya ɗau zafi. Na sha ganin ingarma ya turje da ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa baya, ko taku ɗaya ya kasa. Dexamethasone kuwa raunana garkuwar jiki take yi, tana iya tayar da wannan ciwon kofaton ma. Tramadol ɓoye ciwo yake, doki ya yi ta sukuwa a kan jijiyar da ta fara tsinkewa, kai kana bisa, jama'a na gaba.

Ƙarfi a kilisa yake. Zuciya da tsoka suna ƙarfafa cikin makonni, jijiya da ƙashi sai an yi watanni. Fara da tafiya ta minti 20 da sassafe ko bayan la'asar, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sannan sassarfa. Sukuwa sai bayan mako 6 zuwa 8. Harawa da ciyawa su fi yawa, hatsi a raba shi sau 3.

Bana dai ya fita da tafiya kawai, ban da zamiya. In ka ga ɗingishi, ko yana birgima yana waiwayen cikinsa, kira likitan dabbobi nan take. Kada a ɗura masa komai, kada a ce sai gobe. A kira likita.