Tambaya da Amsa: Me za mu gani, me za mu yi a tsohon garin Zanzibar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina shirin kai mahaifiyata da maiɗakina da yaranmu biyu hutu Zanzibar na kwana huɗu. Duk hotunan da nake gani a intanet na bakin teku ne da Turawa kwance cikin rana, kuma wannan ba shi zai ɗauki hankalin Hajiya ba. Shin akwai abin gani a cikin garin kansa wanda zai dace da iyali irin namu, ko kuwa mu sauya wuri? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da wannan hidima da za ka yi wa mahaifiya. Kada ku sauya wuri. Hotunan da ka gani na ƙauyukan arewa da gabashin tsibirin ne, inda manyan otal-otal suke, alhali abin da ya sa sunan Zanzibar ya shiga tarihin duniya yana cikin tsohon garin da mutanen wurin suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma suke ce masa Stone Town. Shawarata ita ce ku sauka a cikinsa ko a gefensa, ku ba shi kwana biyu cur, sannan ku raba sauran kwanakin tsakanin gonaki da teku. Mafi yawan baƙi suna yi masa leƙen rabin yini ne su wuce, kuma a ganina wannan asara ce babba.

Garin yana yammacin tsibirin Unguja, wanda shi ne babba a tsibiran Zanzibar da ke cikin ƙasar Tanzaniya. Ana isa ta jirgin sama a filin Abeid Amani Karume, ko ta jirgin ruwa daga Darussalam, tafiyar kimanin awa biyu. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Mafi yawan mazaunansa Musulmi ne, kiran salla yana tashi daga kowace kusurwa, mata suna fita da lulluɓi, maza da doguwar farar riga da hula, don haka Hajiya ba za ta ji ta shiga baƙon wuri ba. Abu ɗaya da ya kamata ku sani tun kafin ku shiga masallaci shi ne yawancin mutanen Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa da asalinsu Oman ne, da 'yan Shi'a masu asalin Indiya, saboda haka za ku ga 'yan bambance-bambance da abin da kuka saba a mazhabar Malikiyya. Masallatan garin da yawa ba su da ado daga waje, har mutum yana iya wuce su bai lura ba, sai dai masallacin unguwar Malindi wanda tsohuwar hasumiyarsa ta yi fice.

Ranar farko ku yi ta da ƙafa, domin mota ba ta iya shiga mafi yawan hanyoyin. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano zai gane tsarin nan take, sai dai a nan gidajen benaye ne masu hawa biyu zuwa uku, an gina su da dutsen da ake samu daga teku, kuma kusancinsu da juna yana sa inuwa da sanyi ko da rana ta take. Ku fita da hantsi, ku nemi ɗan jagora mai lasisi ta hannun masaukinku, ku daidaita kuɗinsa kafin ku ɗaga ƙafa. Akwai 'yan kamasho da ake kira papasi waɗanda za su tare ku tun daga tashar jirgin ruwa. Ku gaishe su da mutunci ku wuce.

Abin da za ku fi tsayawa kallo shi ne ƙofofi. A wancan zamani attajiri yana nuna arzikinsa da matsayinsa ne a jikin ƙofar gidansa, don haka aka sassaƙa su da katako mai nauyi da zane iri-iri. Masu kusurwa huɗu salon Larabawa ne, sau da yawa da ayar Alƙur'ani ko sunan mai gida da shekarar gini a samansu, kuma wanda ya yi karatun allo yana iya karanta wasu daga ciki da kansa, abin da mafi yawan baƙi ba sa iyawa. Masu lanƙwasa a sama da manyan ƙusoshin tagulla kuwa salon Indiya ne. A gefen ƙofofin akwai dakalai da aka gina a jikin bango, inda dattawa suke zama shan gahawa da hira bayan la'asar. Mafi shahara a cikin waɗannan majalisu ita ce wadda ake kira Jaws Corner, kuma da kuɗi kaɗan za ka zauna ka sha gahawa mai ɗaci a ƙaramin kofi ka ga yadda garin yake tafiyar da rayuwarsa.

Daga lunguna sai ku fito bakin teku, inda manyan gine-ginen sarauta suke jere. Akwai tsohon sansanin yaƙi, Ngome Kongwe, wanda Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, yanzu kuma ya zama wurin sayar da kayan hannu da tarukan al'adu. Dab da shi ne Baitul Aja'ib, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya sami wutar lantarki a tsibirin. Wani sashensa ya rushe a watan Disamban 2020 ana cikin gyara, don haka ku sa rai da kallonsa daga waje kawai, sai in kun tarar an buɗe. A wannan bakin ruwa ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada luguden wuta ranar 27 ga Agusta, 1896, lokacin da Khalid ɗan Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba, aka gama yaƙin cikin ƙasa da awa ɗaya. Yara suna son wannan labari, kuma yana koya musu yadda sarautar da ta mallaki kasuwancin gabashin Afirka ta koma ƙarƙashin ikon Turawa tun daga 1890.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙon kada ku tsallake, ko da zai sosa muku rai, wato tsohuwar kasuwar bayi da ke unguwar Mkunazini. Tun da Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, arzikin garin ya dogara ne a kan abu uku: hauren giwa, kanumfari da bayi. Fatake suna shiga can cikin nahiyar har yankin manyan tafkuna da gabashin Kwango, su koro mutane a ƙafa zuwa gaɓar teku, a tsallako da su a sayar, wasu a kai su gonakin kanumfari na Unguja da Pemba, wasu a wuce da su ƙetare. An rufe kasuwar a 1873 bisa matsin lambar Ingila, a wannan shekarar kuma aka fara gina cocin Anglika a filin, sannan aka soke halaccin bautar kanta a tsibiran a 1897. Yau akwai ɗakin baje tarihi mai hotuna da bayani, da gumakan tunawa na mutane tsaye cikin rami da sarƙa a wuya, da wasu ƙananan ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a matsayin inda ake tsare bayi. Kasancewar wurin a harabar coci kada ya hana ku zuwa, domin tarihi za ku je gani. Wanda ya yaba kyawun ƙofofin nan da benaye ya kamata ya san da gumin wa aka gina su, kuma gidan Tippu Tip, babban fataken hauren giwa da bayi wanda ya rasu a 1905, yana nan cikin garin da ƙofarsa mai ado. Mu ma ƙasarmu ta san cinikin bayi, don haka wannan ba labarin wasu can ba ne da za mu kalla daga nesa, kuma yaran da suka kai shekarun fahimta sun cancanci a yi musu bayaninsa da gaskiya.

Ba nisa daga nan akwai kasuwar Darajani, wadda aka buɗe a 1904, inda mutanen gari suke cefanensu. Ɓangaren kifi yana da ƙarni sosai, amma ɓangaren kayan ƙamshi da dabino da atamfofin kanga zai riƙe maiɗakinka da Hajiya tsawon lokaci. A nan ya fi dacewa ku sayi tsaraba, domin farashin ya fi na shagunan 'yan yawon buɗe ido sauƙi, kuma ciniki ake yi.

Da magariba ta yi, lambun Forodhani da ke gaban sansanin yana cika da masu sayar da abinci. Ku ɗanɗana urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da soyayyun ƙulli-ƙullin gari, da ruwan rake da ake matsewa a gabanku a haɗa da citta da lemun tsami, da wani soyayyen fanke mai nama da ƙwai a ciki wanda suke kira pizar Zanzibar. Game da kifi da sauran naman teku da ake jerawa a kan tebur, ku yi hattara: ba duka ne na ranar ba, don haka ku zaɓi abin da za a dafa a kan idonku, ku kuma tambayi kuɗinsa kafin a ɗora a wuta. Ga dattijuwa da ƙananan yara na fi son ku ci abincin dare na sosai, kamar shinkafar pilau ko biriyani, a gidan abinci mai tsafta, ku zo Forodhani don shan iska da ɗan taɓa-ka-lashe.

Rana ta uku ku fita gonakin kayan ƙamshi da ke wajen Kizimbani da Kidichi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Wannan ita ce fitar da nake da yaƙinin za ta fi burge Hajiya, domin kanumfari da kirfa da masoro da citta da kurkum da ta yi shekaru tana saye a busashe za ta gan su a jikin tsironsu, ta ga cewa kanumfari tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya, kirfa kuma ɓawon itace ce. Idan ƙarfinta ya ba da dama, ku zarce dajin Jozani, kimanin kilomita 35 daga gari, inda ake ganin wani irin jan biri da asalinsa na wannan tsibiri ne kaɗai. Can kudu kuma, a ƙauyen Kizimkazi, akwai masallacin da ke ɗauke da rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, mai tarihin shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, wanda ya sa ake lissafa shi cikin tsofaffin masallatan gabashin Afirka, ko da yake an sake gina mafi yawansa daga baya. Haɗa ukun a yini ɗaya zai wahalar da dattijuwa, don haka ku ɗauki biyu.

Teku kuwa ku bar shi zuwa rana ta ƙarshe. Tsibirin Changuu yana da nisan kusan rabin awa a ƙaramin jirgi. An gina kurkuku a kansa a 1893 amma ba a taɓa tsare fursunoni a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cututtuka masu yaɗuwa. Abin kallo a yau shi ne manya-manyan kunkuru da aka kawo kakanninsu daga tsibiran Seshel a 1919. Kada ku shiga jirgin da ba shi da rigunan kariya daga nutsewa isassu ga kowa, musamman yara, kuma ku tafi da safe kafin iska ta tashi. Idan wanka yaran suke so, ruwan gaban gari na tashar jiragen ruwa ne, bai dace ba. Nungwi a arewa ta fi, kuma a can ne har yanzu ake sassaƙa jiragen katako da hannu, amma a can ne kuma za ku haɗu da irin Turawan nan masu kwanciya cikin rana da ka ambata. Ƙauyukan gabas kamar Jambiani sun fi natsuwa, sai dai teku yana janyewa nesa ƙwarai a wasu sa'o'i, lokacin da mata suke shiga gonakinsu na ciyawar teku, don haka ku tambayi lokacin cikar ruwa kafin ku tashi.

Saura batun shiri. Ku guji watannin Maris zuwa Mayu, lokacin babbar damina. Daga Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da bushewa. Idan tafiyar ta faɗa cikin azumi, gidajen abinci da yawa suna rufe da rana. Ku nemi biza tun kuna gida da wuri, kada ku dogara da samunta a filin jirgi, ku riƙe katin rigakafin shawara na kowa, ku kuma bincika batun inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 2024. Akwai sauro, don haka ku ga likita kan maganin zazzaɓi kafin tafiya. Kuɗin ƙasar shilin ne na Tanzaniya, kuma agogonsu yana gaban na Najeriya da awa biyu. Masu magana da Swahili suna fara ƙidayar sa'o'i daga wayewar gari, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, saboda haka duk alkawarin da za ka yi da direba ko mai jirgi, ka sa ya nuna maka lokacin a fuskar waya. Wajen zaɓen masauki kuma ka tambaya tun da wuri ko akwai ɗaki a ƙasa, domin tsofaffin gidajen da aka mayar otal suna da matakala masu tsayi da tsauri waɗanda za su wahalar da gwiwar Hajiya.