Ɗana Ba Ya Barci Da Dare, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara 14 wanda aka haifa da larurar jinkirin fahimta, maganarsa ma ba ta fita sosai. Wata biyar ke nan ba ya runtsawa sai wajen ƙarfe biyu na dare, da rana kuwa yakan kwanta tun bayan azahar har la'asar ta wuce. Maƙwabciyata ta ce in sayo masa maganin barci a kemis. Ina neman shawara. Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ki ladan ɗawainiya. Maganar kemis dai ki ajiye ta gefe, domin maganin barci ba da umarnin likita ba yana da haɗari, balle idan yaron yana shan maganin farfaɗiya, wadda ta fi yawa a tsakanin masu irin wannan larura.

Abin da nake so ki fara bincikawa shi ne jikinsa. Yaron da bakinsa ba ya iya cewa haƙori ko kunne na yi masa ciwo, sau da yawa da rashin barci yake faɗa, haka ma idan bayan gida ya yi masa tauri ko ƙwarnafi ya dame shi. Ga kuma zafin Sakkwato, wanda a bazara yakan haura digiri 40, ɗakin kwano ya riƙe shi har tsakar dare. Wanka kafin kwanciya da shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro suna sauƙaƙa abin ƙwarai.

Ki kuma zauna kusa da shi wani dare yana barci, ki saurara. Idan yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya zabura yana haki, to hanyar iskarsa ce take toshewa, abin da ake yawan gani ga masu larurar Down, wata larura da ake haifar yaro da ita mai kawo jinkirin fahimta. Wannan aikin likita ne, sai ki kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Matashi kamarsa yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma dogon barcin ranar nan shi ne yake cinye na dare. Ki rage shi sannu a hankali har ya dawo rabin awa, kada ya kai la'asar. Ki riƙa tashinsa lokaci ɗaya kullum, ko da ya kwana ido biyu, ya fita ya sha hantsi. Shayi da goro da lemon kwalba irin su Coca-Cola a daina ba shi su tun daga azahar, waya da talabijin kuma a kashe su awa guda kafin kwanciya, saboda haske yana jinkirta sinadarin melatonin da ke jawo barci.

A ganina, abin da ya fi amfani ga irin waɗannan yara shi ne tsarin da ba ya canzawa: sallar isha'i, wanka, addu'ar kwanciya, a rage fitila, kowane dare a jere haka, kowa a gidan kuma ya bi. Kada ki ce sai ya kwanta ƙarfe tara dare ɗaya, ki riƙa matso da lokacin da minti 15 bayan 'yan kwanaki. Ki sami ɗan littafi ki rubuta lokacin da ya kwanta, da lokacin da ya farka, da abin da ya ci, har tsawon mako biyu, ki tafi da shi ranar ganin likita.