Amsa kan alaƙar hawan jini, ciwon suga da gawut

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko hawan jini da ciwon sugan da mahaifinka ke fama da su suna da hannu a ciwon gawut da likita ya ce shi ya kumbura masa babban yatsan ƙafa. Allah ya ba Baba lafiya. Ni ba likita ba ne, amma na daɗe ina jinyar yayana a nan Agege kan waɗannan cututtuka uku, kuma abin da na fahimta daga bakin likitocinsa shi ne dukkansu a ƙoda suke haɗuwa.

Gawut yana tasowa ne idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini har ya daskare a cikin gaɓa kamar ƙananan allurai, shi ya sa mutum zai farka da tsakar dare yatsa ya yi jawur, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu bisa uku na wannan sinadari ta fitsari, alhali hawan jini da suga su ne kan gaba wajen raunana ta. Haka nan jikin da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya daina yi wa aiki sosai yakan sa ƙodar ta riƙe sinadarin maimakon ta zubar da shi, tumbi kuma yana ƙara wa ukun ƙarfi.

Inda na fi so ka sa ido shi ne magunguna. Wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari, irin su Moduretic, suna ɗaga yurik asid, amma losartan rage shi yake yi. Sai dai canjin a hannun likita yake, kada Baba ya ajiye ƙwaya ko ɗaya da kansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda mutanenmu ke rugawa kemis su sayi maganin kashe zafi diklofenak da zarar ƙafa ta motsa. Zafin zai lafa, gaskiya ne, amma maganin yana ɗaga jini yana kuma cutar da ƙoda, furedinisolon da wasu ke haɗawa da shi kuwa suga yake tayarwa. Ku zuba duk abin da yake sha a leda, har da na gargajiya, ku ajiye a gaban likitan.

Batun abinci, mu da muke maƙwabtaka da mayankar Oko-Oba nama a hannunmu yake, to lallai a rage tsire da hanta da sauran kayan ciki, a bar lemon kwalba, a yawaita shan ruwa a zafin nan na Legas, sai fa idan likita ya ƙayyade masa ruwan.

Ku nemi a yi masa gwajin ƙoda tare da na yurik asid. Idan an ɗora shi a kan alofurinol, maganin rage yurik asid, ana so adadin sinadarin ya sauka ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita ta jini, kuma ba a daina shan sa don kawai kumburin ya saɓe.