Tambaya da Amsa: Shin Za Mu Iya Hawa Kilimanjaro da Yaranmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Jos, muna da yara biyu, namiji mai shekara 12 da mace mai shekara 8. Maigidana ya daɗe yana burin mu fita ƙasar waje mu yi irin tafiyar nan da kowa ke goya jakarsa, a ratsa daji da duwatsu a ƙafa, a kwana inda ya sawwaƙa, kuma ya ƙwallafa ransa a kan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya. Hujjarsa ita ce yaran Jos sun saba da tudu da sanyi. Ina son tafiyar, amma hankalina bai kwanta ba. Mece ce shawararku?

Maman biyu, daga Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Burin maigidanki mai kyau ne, domin yaron da ya taka wata ƙasa da ƙafarsa, ya ci abincinta, ya gaisa da mutanenta, ya samu ilimin da aji kaɗai ba zai ba shi ba. Sai dai Kilimanjaro bai dace da ku ba a yanzu. Hukumar da ke kula da dutsen ba ta barin yaron da bai kai shekara 10 ba ya hau zuwa ƙololuwa, don haka tun daga nan 'yarki ta fita. Ko shi yayanta, dokar ce kawai ta ba shi dama, ban da jikinsa.

Maganar sabo da tudu kuwa tana bukatar gyara. Garin Jos yana kan tsayin mita kusan 1,200 daga teku, duwatsun Shere da ke kusa da garin kuma sun kai mita 1,800 da 'yan kai, alhali Kilimanjaro mita 5,895 ne, kuma hawansa yakan ci kwana biyar zuwa tara. Daga wajen mita 2,500 iskar shaƙa ke fara yi wa jiki kaɗan, sai ciwon kai, amai, kasala da rashin barci su biyo baya, kuma idan abin ya tsananta babu magani sai a sauko. Babba zai faɗi abin da yake ji, amma yaro sau da yawa shiru zai yi, ya ƙi abinci, ya riƙa kuka ba dalili, iyaye su ɗauka rigima ce. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali game da kai yara irin wannan wuri.

Shawarata ita ce ku fara da Ghana. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, sai dai kowane yaro ya kasance da fasfonsa, kuma kowa ya riƙe katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A gandun dajin Kakum, kusa da Cape Coast, akwai gadoji bakwai na igiya da katako da aka ɗaure a jikin manyan bishiyoyi, tsayinsu daga ƙasa ya kai mita 30 ko fiye. Faɗin gadar na mutum ɗaya ne, tana lilo da kowane taku, raga ce ta tare gefe da gefe, don haka uba ya wuce gaba, yara a tsakiya, ke kuma ki biyo baya kina yi wa ƙaramar magana har ta tsallake. A yankin Volta kuma, kusa da Hohoe, akwai magangarar ruwa ta Wli, wadda ta kasu biyu, ta ƙasa da ta sama. Hanyar zuwa ta ƙasan shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta cika awa ɗaya ba, ana tsallaka rafi a kan ƙananan gadoji, idan kun isa za ku tarar da jemagu maƙil a jikin dutsen. Ta saman tana da wahalar hawa, ku bar ta sai wani jiƙon. Abinci da wurin salla ba za su ba ku wuya ba, domin a unguwannin zango ana jin Hausa, akwai masallatai, da safe kuma ga koko da ƙosai.

Kafin ku yanki tikiti, ku gwada kanku a gida. Ku riƙa fita Shere ranar Asabar tare da wanda ya san hanya, kowa da jakarsa da takalmin da zai yi tafiyar da shi, saboda sabon takalmi shi ke fara yanke wa yaro ƙafa. Kada nauyin jakar yaro ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa. Mai kilo 25 ke nan ta ɗauki kilo biyu da rabi, wato gorar ruwa, rigar ruwa da ɗan abin taɓawa. Inda ƙaramar ta gaji ta nemi a goya ta, nan ne iyakar tafiyarku ta yini ɗaya, kuma da wannan ma'auni za a tsara kwanakin Ghana, ba da ƙarfin ƙafar babansu ba. Bayan kowane yini biyu na tafiya ku ware ɗaya na hutu.

A jakarki ki sa gidan sauro mai magani, maganin zazzaɓi, filasta da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. Idan ƙunshin ya ƙare, ana haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Kada yara su sha ruwan rafi komai kyawunsa a ido. Hutun Disamba ya fi dacewa, saboda damina ta ɗauke, hanyoyin daji ba su da santsi. Ku kuma ga likitan yara wata guda kafin tashi domin ya duba rigakafinsu, ya ba ku shawara kan zazzaɓin cizon sauro.